Furofelar Bayan Hilux Ɗin Kawu

Kawuna dillalin dankalin Turawa ne. A ƙauyukan Bokkos da Mangu yake saro shi, wani lokaci a kasuwar Maikatako, wani lokaci a bakin gona, ya kawo Jos. Da faɗuwar damina kuma tafiyar takan juye, shi ke kai wa manoman da yake hulɗa da su taki, a yi lissafi idan an yi haƙa. Ni ke riƙe masa littafi, rabin tuƙin ma a hannuna yake, don haka duk abin da ya sami motar nan a gabana aka yi shi.

Motar Hilux ce ta 2012, mai ƙofa huɗu, injin fetur 2.7, da sandar ogzilari ta hannu, wadda ke sa tayoyi huɗu su ja. A gwanjon wani kamfani ya same ta. Aiki biyu take yi a rana ɗaya. Daga Jos ta Mararrabar Jama'a da Heipang har Barkin Ladi kwalta ce, ana sakin mota. Da an sauka daga kwalta kuwa sai jan ƙasa da duwatsu, da kwarin da tayoyin manyan motoci suka haƙa, da rafukan da ba su da gada. A watan Agusta akwai wuraren da sai an sa ƙaramar ogzilari ana rarrafe.

Daminar farko cikinta ya yi ta gugar ƙasa, sai Kawu ya ce a ɗaga ta. A baya aka ƙara ganyen sufirin, ya ba da wajen santimita 4, aka kuma cusa bulon ƙarfe mai kaurin santimita 5 tsakanin sufirin da aksul. A gaba aka sa sifesa. Aka ɗaura taya 265/75 R16, wadda tsayinta ya kai santimita 80. Motar ta yi kyau, ba ƙarya. Ranar da muka shigo da ita unguwa har yara suka biyo mu.

Ɓarin da ya ƙi jin magani

Ba a yi mako ba ta fara. Da ka saki kuloci a giya ta ɗaya sai ka ji wani ɓari daga ƙarƙashin kujera, kamar ana buga ganga a cikin shasi, ya bi ka zuwa giya ta biyu, sannan ya lafa. Idan a hawa ka tashi ya fi tsanani. Abin da ya kamata ya farkar da mu tun lokacin shi ne, da an loda mata buhu bakwai ko takwas sai ɓarin ya ɓace ɗungum. Mun lura da hakan, har Kawu yana raha cewa motar tasa ba ta son zaman banza. Ba mu tsaya mun tambayi dalili ba.

Aka yi balansin taya. Aka canza kuros, wato mahaɗa mai siffar gicciye a jikin furofela, sandar da ke kai juyin inji ga tayoyin baya. Ya yi wata biyu ya fara ƙara. Aka sake canzawa. Robar boris ɗin tsakiya ta yage, aka sayo wata. Kowane gyara yakan ba mu lafiyar 'yan kwanaki ne kawai, littafina kuma yana ta cika da kuɗin kaya iri ɗaya.

Ga wanda bai taɓa shiga ƙarƙashin irin wannan mota ba: tazarar tayar gaba da ta baya milimita 3,085 ce, shi ya sa furofelar bayanta gida biyu ce. Gidan farko yana fitowa daga akwatin ogzilari ya rataya a jikin shasi ta boris ɗin tsakiya, wanda ke zaune cikin roba. Gida na biyu ya tashi daga nan ya sauka kan bak aksul, da wurin zamewa mai haƙora don ta riƙa miƙewa tana tsukewa idan sufirin yana aiki. Kuros uku ke nan: ɗaya a gaba, ɗaya a tsakiya, ɗaya a baya.

Sandar walda

Wani mai walda da ke da injin tana, wato injin sassaƙa ƙarfe, shi ya shawo kan Kawu. Ya ce gida biyun nan shi ne matsalar, a cire boris ɗin tsakiya kowa ya huta. Ya samo bututun furofelar wata babbar mota, ya yanke, ya ɗora mata kawuna, ya fito da sanda guda mai kauri. Kawu ya ɗaga ta da hannu biyu ya ji nauyi, ya ce to yanzu aka yi magana.

Adalci dai, ɓarin tashi ya tafi. Amma an gudu ba a tsira ba. Muna kama miƙaƙƙiyar hanyar nan ta wajen filin jirgin Heipang, allura ta haura 80, sai duk ɗakin motar ya ɗauki gurnani. Madubin ciki ya koma hazo, kwabban da ke cikin mazubin kofi suna ta rawa, tafin ƙafata yana ƙaiƙayi a kan totur. Na sa ta a firi tana gangarawa, gurnanin bai ragu ba. Kwana goma bayan haka, a bakin wani rafi, muna hawa gaɓa sai muka ji ƙau. Sandar ta daki dutse a tsakiyarta ta lotsa. A giya ta uku muka lallaɓo Jos.

Sa'ar da muka yi ita ce tsohuwar furofelar tana nan a shagon Kawu, bai bari an kai ta bola ba.

Awo

Wani direban tifa ya tura mu wurin wani dattijon bakanike a Farin Gada. Bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambaya: yaushe take yi, a wane gudu, da kaya ko babu, idan an ɗaga ƙafa daga totur tana dainawa ko a'a. Da Kawu ya ambaci cewa da lodi ba ta yi, sai dattijon ya ɗago kai.

"Alhaji, ai motar ta gaya maka ciwonta tun tuni. Lodi yana mayar da ita tsayin da aka ƙera ta a kai."

Ya raba mana rawar furofela gida biyu. Akwai ta karkata, wadda ke zuwa idan inji yana ja, musamman wajen tashi, ta lafa idan ka saki totur. Akwai ta rashin balans, wadda ke ƙaruwa da gudu kuma ba ruwanta da ko kana taka mai ko kana firi. Ta farko ce ta dame mu da tsohuwar furofela, ta biyu muka saya da kuɗinmu wurin mai walda. Don ya cire shakka, ya sa yaransa suka kwance ta bayan gaba ɗaya, muka sa babbar ogzilari muka ɗan zaga da tayoyin gaba kaɗai ke ja. Shiru kamar ba ita ba. Taya da injin sun fita daga zargi ke nan.

Ya kwantar da sandar waldar a ƙasa ya kira ni. "Ɗana, tsuguna ka hango kunnuwan nan daga wannan kai zuwa wancan." Kunnuwan da ke riƙe kuros a kai biyun ya kamata su kwanta a layi ɗaya. Waɗannan sun goce da kamar faɗin yatsa. Ba a kuma taɓa ɗora ta a injin balansin ba, domin mai waldar injin tana kawai yake da shi.

Nan ne ya kamata a fahimci halin kuros, don duk zaɓin a kansa ya rataya. Idan sanda biyu da kuros ya haɗa suna miƙe, gudunsu ɗaya. Da an karkata su, ta biyun sai ta riƙa gaggawa tana jinkiri, sau biyu a kowane juyi, ko da ta farkon tana tafiya daidai. Tun ƙarni na 17 wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, ya gano haka. A digiri 3 bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari biyar ba. A digiri 9 ya haura kashi 1 cikin ɗari sama da ƙasa. Adadin kamar ba komai, sai ka tuna saurin juyin. Tayar nan tamu tana juyawa wajen sau 660 a minti idan ana gudun kilomita 100, furofela kuwa tana yin fiye da ninki huɗu na haka, sama da 2,600 a minti. Dabarar masu ƙera mota ita ce kuros na gaba ya ɓata, na baya ya gyara, kuma hakan ba ya yiwuwa sai karkatarsu ta zo kusan ɗaya, kunnuwan kuma suna layi. Abin da aka fi so shi ne kowane kuros ya yi aiki a digiri 3 ko ƙasa, amma kada ya zama sifili, don alluran da ke cikin kofinsa suna bukatar ɗan motsi, in ba haka ba sai su ci gurbi a wuri ɗaya.

Aka mayar da tsohuwar furofela aka hau rami. Kayan awon ba wani abin a zo a gani ba ne: wayar yaronsa ce mai manhajar auna karkata, da ɗan guntun ƙarfe mai santsi da ake dafawa a jikin fulanj, wato faifan da ake ɗaure furofela a kai da kusoshi. Wuri huɗu aka auna, bakin ogzilari, gidan farko, gida na biyu, da bakin aksul, aka ɗebe wannan daga wancan. Babu kaya a baya, kuros na gaba ya ba da digiri 1, na tsakiya 9, na baya 8.

Dalilin a fili yake. Gidan farko a shasi yake maƙale, ɗagawar ba ta shafe shi ba. Duk santimita 9 ɗin a kan gida na biyu suka sauka, shi kuwa gajere ne. Sanda mai santimita 70 idan ka sauke bakinta da santimita 9, karkatarta ta ƙaru da digiri 7. Mai mita ɗaya da rabi kuwa ba za ta kai 4 ba, shi ya sa sandar waldar ta kashe ɓarin tashi. Na tsakiyar nan mai digiri 9 kuma a gefen roba yake zaune, duk fizgar da yake yi robar ce ke shanyewa, ita ce gangar da muke ji a ƙarƙashin kujera.

Bulon ma da nasa laifin. Idan mota ta tashi da ƙarfi, aksul yana ƙoƙarin juyawa baya, hancinsa ya ɗaga sama, sufirin ya lanƙwashe yana riƙe shi. Bulo yana nesanta aksul daga sufirin, ya ƙara masa ƙarfin murɗawa, kamar yadda ake sa bututu a jikin sifana don a kwance noti mai tauri. A ƙaramar ogzilari, inda ƙarfin ke ninkuwa kusan sau biyu da rabi, abin ya fi muni.

Uku a kan tebur

Zaɓi uku ke gabanmu. Na farko, sanda guda amma ta gaskiya, wadda aka ƙera da bututun da ya dace aka kuma yi mata balansin. Ana yin haka, kuma tana da amfaninta: kuros biyu kacal, babu robar da za ta yage, karkata kaɗan. Dattijon bai kushe ta ba. Abin da ya ja hankalinmu a kai biyu ne. Kowace doguwar sanda tana da gudun da idan ta kai shi sai ta fara bulala a tsakiya, kuma idan tsawo ya ninka biyu wannan iyakar tana faɗowa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Maganinsa a ƙara faɗin bututu. Faɗin kuwa shi ke kai mu ga matsala ta biyu: mai gida biyu tana tafiya a ɓoye a jikin shasi har tsakiyar mota kafin ta sauko, sanda guda kuwa tun daga ogzilari take gangarowa, daidai inda ciki ke taɓa ƙasa idan ana haye gaɓa. Mun riga mun ga hakan da idonmu a bakin rafi.

Na biyu ni na kawo shi, daga abin da nake gani a YouTube. Amurkawa masu hawan duwatsu kullum maganarsu dabul kadan, wato kuros biyu a haɗe cikin gida ɗaya da ƙwallo a tsakaninsu mai raba karkatar daidai, su kashe fizgar juna a wuri guda. Sunan daga Cardano ne, wani masanin lissafi ɗan Italiya na ƙarni na 16. Na yi ta zuba bayani, dattijon yana saurare har na gama.

Da na koma na duba, mafi yawan waɗancan bidiyoyin a kan Jeep ne, irin Wrangler TJ ta 1997 zuwa 2006 da Cherokee XJ. Wrangler gajeriya ce ƙwarai, furofelar bayanta ɗan guntu, kuma wurin zamewarta a bakin akwatin ogzilarin yake. Da sun ɗaga ta dole su canza bakin akwatin su sa dabul kadan. Hilux ba ta da wannan larura, fulanj gare ta da kusoshi huɗu, zamewar tana jikin furofelar.

Ban da haka, dabul kadan tana da sharaɗi. Kuros ɗin baya ya zama shi kaɗai ba mai gyara masa, don haka sai an karkato hancin aksul ya kalli furofelar kusan kai tsaye, a bar shi ƙasa da digiri ɗaya ko biyu saboda ɗagawar da yake yi idan ana ja. Wato sai an cusa weji, ƙarfen da gefensa ɗaya ya fi ɗayan kauri, a ƙarƙashin sufirin. Wannan saitin yana zama daidai ne a tsayi ɗaya. Motar da ke fita wayam da safe ta dawo da yamma sufirinta a shimfiɗe ba ta da tsayi ɗaya. Ga ƙwallon tsakiyar ba ya shiri da ruwan laka.

"Kuma ka gaya mini," in ji dattijon, "idan ta mutu muku a bayan Bokkos ranar kasuwa, wa zai gyara? Kuros na yau da kullum kowane yaro da guduma da soket zai fitar maka."

Ban sami amsa ba.

Na uku shi ne a zauna a kan ta kamfani, a gyara karkatar. A cire bulon, a bar ƙarin ganyen, a sauko da boris ɗin tsakiya kaɗan. Nan Kawu ya tubure. Ya ce shi kuɗi ya kashe ya sayi tsayi, ba zai biya wasu kuɗin a rage masa ba.

Dattijon bai yi musu ba. Ya ɗauko tef ya ce Kawu ya tsuguna da kansa ya auna daga ƙasa zuwa gindin tulun aksul. Ya auna. Ya ce to a ransa ya cire bulon, tulun zai sauka? Kawu ya yi shiru yana kallon ƙarfen. Bulo jikin mota yake ɗagawa, aksul yana nan inda taya ta ajiye shi. A cikin kwarin da tifa ta haƙa, tulun nan ne ke fara kama tudun tsakiya, kuma abin da ya ɗaga shi tayar ce, wadda ba wanda ya ce a taɓa. Tsayin ciki wajen haye gaɓa shi ne za a rage, ganyen kuma ya bar mana santimita 4 a kan na asali.

"Baba, da ka faɗi haka tun farko ai da ba mu ja ba," in ji Kawu.

"Alhaji, da na faɗa ba za ka yarda ba. Tef ɗin ka yarda da shi."

Abin da aka ɗaura

Cire bulo ya sauko da na tsakiya zuwa 5, na baya zuwa 4. Sai aka shiga gwajin boris ɗin tsakiya, kuma nan ne aikin ya ci lokaci. Da wasa, wato zoben ƙarfen nan da ake sa wa kusoshi, aka fara, ana ƙarawa ɗaya bayan ɗaya, a auna, a fita titi a tashi a hawa, a dawo. Sauko da shi yana ƙara wa kuros na gaba karkata, yana rage wa na tsakiya ninki biyu na hakan, don haka idan aka zarce sai ciwon ya koma gaba. A milimita 15 muka tsaya: gaba 2, tsakiya da baya kowanne dab da 3. Aka kai wa mai tana ya yanko farantin ƙarfe guda mai wannan kaurin, aka sa dogayen kusoshi masu ƙarfi, aka zubar da tarin wasan. Weji bai zama dole ba.

Dattijon ya nace a auna sau uku, wayam, da rabin lodi, da cikakke. Babu dankali a kusa, sai muka ari buhunan siminti a maƙwabta. Da cikakken lodi karkatar ta ragu sosai amma ba ta mutu ba.

Saura zamewa. Aka sa jak a shasi har tayoyin baya suka rataya, aka duba haƙoran ba su kusa zarewa ba. Da lodi kuma aka tabbatar akwai sauran wurin shiga, don idan ta ƙure a rami, bugun kai tsaye yake tafiya bakin ogzilari. Kafin a raba furofelar an shafa mata farin fenti a kowace mahaɗa don ta koma yadda ta fito, domin haƙori ɗaya aka goce an dawo gidan jiya. Aka sa kuros uku masu nonon giris, da sababbin yu-bol, tunda tsofaffin dogaye ne na bulo, aka ce mu dawo bayan mako a sake ɗaure su.

Damina guda ta wuce a kai yanzu. A kwalta har 110 madubi tar yake. Idan motar wayam ce kuma na tashi da gaggawa a hawa mai tsini, ina jin ɗan motsi na daƙiƙa ɗaya, wanda Kawu ya ce shi ba ya ji. Cikinta ya taɓa ƙasa sau biyu a wuraren da da bulo wataƙila da ta wuce, duka biyun kuma shasi ne ya gugu, furofela ba ta ji komai ba. A littafina babu kuɗin kuros tun ranar.

Abin da ya ƙaru mini shi ne aikin giris. Duk ranar da muka ratsa rafi, washegari da sassafe ina ƙarƙashinta da famfo, ina bugawa a kowane kuros har sai ruwan ƙasa-ƙasa ya fito ta kofi huɗun, sabo ya biyo baya. Wurin zamewa bugu biyu ko uku kawai, don dattijon ya ce idan aka cika shi taf sai ya ƙi shiga ya koma tura boris. Sandar waldar kuwa tana shagon Kawu, da ita ake tokare ƙofa idan ana shigo da buhuna.